Wa ya taɓa ɗaukar darasin kiɗa a shekarar farko?

Ɗan Tudun Wada:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Na samu gurbi a kwalejin ilimi, kuma cikin darussan zangon farko akwai gabatarwa ga ilimin kiɗa. Ban iya karanta rubutun kiɗa ba, kalangu kawai na saba ji a gidan biki. Waɗanda suka yi, me zan tarar?

'Yar Funtuwa:
Wa alaikumus salam ƙanena, kwantar da hankalinka. Mu da layuka biyar ɗin nan aka fara mana, waɗanda ake ɗora alamomin sauti a kansu, sai do re mi, wato sunayen sautukan kiɗa. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne horar da kunne: malami ya danna fiyano, kai kuma ka rubuta sautin da ka ji. Wannan sai da maimaici kullum, karatun daren jarrabawa ba ya fid da mutum.

Bakatsine:
Kalangun nan da ka raina zai yi maka rana. An koya mana rabe-raben kayan kiɗa na wasu masana kiɗa biyu, Hornbostel da Sachs, na 1914: masu fata kamar kalangu da kotso, masu tsirkiya kamar goge da garaya, na busa kamar algaita da kakaki, sai waɗanda jikinsu ke ba da sauti kamar ƙwarya. Da aka zo nan ni 'yan ajinmu suka riƙa tambaya, musamman yadda makaɗi ke matse igiyoyin kalangu a hammata, sauti ya hau ya sauka har ya kwaikwayi magana. Wallahi na ji daɗin wannan ɓangaren.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode Yaya, na gode Malam. Sai na sayi wani abin kiɗa?

'Yar Funtuwa:
Mu sarewar roba aka ce mu saya, ba ta da tsada. Amma jira malaminku ya faɗa tukuna.