Yaya ake zagayawa da littafin binciken kisan kai ba tare da an lalata shi ba?

Mai Son Karatu:
Assalamu alaikum. Littafin labarin binciken kisan kai ne mai shafi wajen 320, mai bangon takarda, kuma mutum goma ke jiran a ba su aro. Abu uku nake so masana su taimaka da shi: yadda ba zai yage a hanya ba, yadda ba zai maƙale a hannun wani ba, da yadda na farko ba zai fasa wa na baya ƙwai ba.

Mai Gyaran Littattafai:
Wa alaikumus salam, Malam. A fara da jikin littafin. Mai bangon takarda galibi ba ɗinka shi aka yi ba, gam ne kawai ya riƙe takardun ta baya. Idan mai karatu ya lanƙwasa bangon har ya haɗu da ɗan'uwansa don ya riƙe da hannu ɗaya, gam ɗin zai tsage, daga nan shafuka su fara fita ɗaya bayan ɗaya. Zafi ma yana lalata gam ɗin, shi ya sa ba a barin littafi cikin mota a rana.

Kafin ya fita, a tsayar da shi a kan tebur ta bayansa, a kwantar da bangon gaba da na baya, sannan a riƙa kwantar da shafi goma-goma daga gaba da baya, ana shafa tsakiyar da yatsa a hankali har a kai tsakiyar littafin. Wannan yana sassauta gam ɗin ba tare da ya karye ba.

Idan shafi ya fita, kada a kusance shi da salatif. Bayan 'yan shekaru yakan yi rawaya, ya bar tabo, ya kuma saki. Farin gam irin PVA ake so: a shafa siririn layi a gefen shafin kawai, a mayar da shi daidai, a sa 'yar leda gaba da baya don kada ya manne da maƙwabtansa, a ɗora abu mai nauyi na awa 24. Kuma duk wanda zai miƙa wa na gaba ya duba lambobin shafi 30 na ƙarshe. A irin wannan littafi, shafi ɗaya da ya ɓace a nan ya kashe wahalar karatun gaba ɗaya.

Makaranciya:
Ni kan maganar fasa ƙwai zan tsaya, don mutane suna ɗauka sai an ambaci sunan makashin ne aka tona asiri. Ba haka ba ne. A 1929 marubuci ɗan Ingila Ronald Knox ya tsara ƙa'idoji goma na labarin bincike. Ciki akwai cewa dole mai laifin ya zama wanda aka ambata tun farkon labari, kuma duk alamar da mai binciken ya tsinta sai an nuna wa mai karatu. Ke nan amsar tana nan a fili tun surorin farko, marubucin ya lulluɓe ta ne kawai da abubuwan da za su ɗauke hankali. To kun ga, wanda ya ja layi a ƙarƙashin wani suna, ko ya naɗe kusurwar shafin da aka ce agogon ya tsaya, ya riga ya nuna wa na baya hanya. Don haka ba biro, ba fensir, ba naɗe shafi. Mai son lissafa waɗanda yake zargi ya nemi takarda daban, kuma ya tuna ya cire ta.

Baki ya fi alƙalami ɓarna. "Ka dai lura da direban nan" fasa ƙwai ne. "Ƙarshensa zai ba ka mamaki" ma haka, domin daga nan mutum zai daina zargin duk wanda labarin ya tura shi gare shi. Abin da ya halatta a faɗa shi ne inda labarin ya faru, laifin da aka buɗe da shi, da ko akwai zubar da jini da yawa, don wani zuciyarsa ba ta ɗauka. A Landan, wasan kwaikwayon marubuciya Agatha Christie mai suna The Mousetrap, wanda aka fara a 1952, har yau roƙon 'yan kallo ake yi su riƙe sirrin ƙarshensa.

Ƙari biyu: gabatarwar da ake sa wa tsofaffin littattafai idan an sake buga su takan tona komai, a bar ta sai an gama. Idan kuma jerin littattafai ne, a ba da su bi da bi, don na uku yakan ambaci wanda aka kama a na farko.

Dattijo:
Malama ta yi gaskiya. Batun maƙalewa kuwa lissafi ne. Shafi 320, a shafi 30 kullum, kwana 11 ke nan, sai a ba kowa mako biyu. Mutum goma za su ci wata biyar, kuma ya kamata na ƙarshe ya san haka tun yanzu. Mutum ɗaya ya riƙe jerin sunaye da ranar karɓa, littafin ya riƙa dawowa hannunsa kafin ya wuce. Idan aka bar shi yana tafiya hannu zuwa hannu, ana iya rasa sawunsa, don wani zai ba wanda ba ya cikin jerin.

Idan kowa ya gama kuma ba a buƙatar ya dawo, akwai BookCrossing, wani shafin intanet na sakin littattafai ga jama'a, wanda aka kafa a 2001. Ana yi wa littafi rajista, a ba shi lamba, a rubuta ta a cikin bango, a ajiye shi inda wani zai gani, wanda ya tsince shi ya shigar da lambar a shafin ya faɗi inda ya same shi. Da yawa ba a sake jin ɗuriyarsu, don haka kada a saki wanda ake ji da shi.

Mai Gyaran Littattafai:
Na manta abu ɗaya. Idan za a yi masa rigar leda, a tabbata ya bushe sarai, don leda tana riƙe danshi, shi kuma danshi ke kawo fumfuna. Wanda ya jiƙe a tsayar da shi a buɗe a gaban fanka, ba a rana ba.