Dutsen da aka jefa daga kwale-kwale: ruwa zai hau ko zai sauka?

Sani: Assalamu alaikum. Ga kacici-kacicin da ya raba mana kai jiya a majalisa. Masunci yana tsakiyar tafki cikin kwale-kwale, da ƙaton dutse a jirgin. Sai ya ɗaga dutsen ya jefa ruwa, ya nutse har ƙasa. Ruwan tafkin zai hau, zai sauka, ko yana nan yadda yake? Wanda ya kawo tambayar ya ce sauka zai yi. Ni dai ban gamsu ba.

Bashir: Wa alaikumus salam. Sauka kuma? Ka ƙara wa ruwa abu, ka ce ya ragu? Ko yaro ya san in ka jefa tsakuwa a kofi ruwa hawa yake yi. Irin amsoshin nan ne da ake ƙagawa don a burge mutane, a baki kawai suke tafiya.

Hafsat: Yaya Bashir, ni a ganina yana nan. Ai tun dutsen yana cikin jirgi ruwan ne ke ɗauke da shi, wuri kawai ya sauya.

Malam Nasiru: Hafsat, kin kama bakin zaren, amma kin sake shi da wuri. Abin da ke yawo a kan ruwa, ruwan da yake turewa daidai yake da nauyinsa. Abin da ya nutse ya zauna a ƙasa kuwa, girman jikinsa kaɗai yake turewa. Ƙa'idar Arkimidis ke nan, mutumin Sirakusa a tsibirin Sisili, wanda ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mu ɗauki dutsen kan tsauni irin wanda ake fasawa a yi kankare, ya fi ruwa nauyi kusan sau 2.7. In dutsen kilo 27 ne, girmansa lita 10 ne. Yana cikin jirgi, yana danna jirgin ƙasa har sai ya ture lita 27 na ruwa, tunda lita ɗaya kilo ɗaya ce. Da an jefa shi, lita 10 kawai zai ci. Ina lita 17? Jirgi ya taso ya bar musu gurbi, ruwa ya koma ya cike. Don haka sauka zai yi.

Bashir: Malam, da girmanku, lissafi daban, ido daban. Wa ya taɓa gani?

Kawu Garba: Na fi shekara talatin ina su a gulbin nan na Argungu. Abin da na sani, in ka sauke kaya jirgi na tasowa, wanga ba gardama. Amma ban taɓa ganin gulbi ya ja baya don an jefa dutse ba. Abin da ke ɗaga ruwa nan damina ce, sai in an saki ruwa daga madatsar ruwa ta Goronyo ko ta Bakolori.

Malam Nasiru: Kawu, maganarku gaskiya ce, kuma ba ta ci karo da tawa ba. Gulbi tafiya yake, ruwa na shiga yana fita, duk abin da dutse ya sauya nan take zai baje. Shi ya sa tambayar ta ce tafki. Ko a tafkin ma ido ba zai kama ba. Ƙaramin kududdufi mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, in ka baza lita 17 a kansa, saukar ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Iskar da ke kaɗa ruwa kaɗai ta shafe ta.

Bashir: To kun gani. Abin da ba a gani, ba a aunawa, ta ina ya zama amsa? Nan nake tsaye.

Hafsat: A'a Yaya, ba a ce ba a aunawa ba. Ku ba ni minti goma.

Sani: Kafin ta dawo, ni abin da ke damuna daban ne. Tambayar ba ta faɗi irin dutsen ba. In marmara ce fa, mai ramuka, wadda ke shan ruwa? Kuma ƙasan tafki laka ce. In dutsen ya lume cikin laka ai bai ture ruwan komai ba.

Malam Nasiru: Lakar da ya shiga ina za ta? Gefe za ta kumbura, ita kuma ta ture ruwan. Marmara kuwa ƙara wa amsar ƙarfi take yi: ruwa ya shiga ramukanta, iska ta fice, gurbin da take ci ya ƙara raguwa. Inda amsar ke sauyawa shi ne in abin da aka jefa ba ya nutsewa. Kawu ya jefa goransa na su, ko guntun icce, ruwa ba zai motsa ba, don har yanzu yawo yake, nauyinsa yake turewa. A nan amsar Hafsat ta farko ce daidai.

Hafsat: Na dawo. Na zuba ruwa a baho, na ɗora kwanon silba, na sa ɗan dutsen niƙa a ciki. Da ruwa ya natsu na ja alama da gawayi a jikin bahon. Na ciro dutsen na sa shi cikin ruwan ya zauna a ƙasan bahon, na bar kwanon yana yawo. Wallahi ruwan ya sauka ƙasa da alamar, kamar rabin faɗin yatsa. Sau uku na maimaita, don karon farko na zaci hannuna ne ya kwashe ruwan. Na janye maganata.

Kawu Garba: Madalla da ɗiyata. Haka ake yi, a gwada a gani. To Malam, ga tawa. Mu ba mu cika jefa dutse haka nan ba, ɗaure shi muke da igiya don ya riƙe jirgi. In igiyar ta gaza, dutsen na reto cikin ruwa bai taɓa ƙasa ba, ya ke nan?

Bashir: Sauka mana, tunda ya nutse. Ko ba haka Malam ya ce ba?

Malam Nasiru: Ba haka ba ne, Bashir. Na ce wanda ya zauna a ƙasa. Dutsen Kawu har yanzu jirgi ne ke riƙe da shi. Jikinsa ya ture lita 10, sauran nauyin kilo 17 ya bi igiya ya ja jirgin ƙasa, jimla 27 kamar da. Ruwa ba zai motsa ba sai lokacin da dutsen ya taɓa ƙasa igiya ta saki, don a sannan ne ƙasa ta karɓi nauyin.

Bashir: Na yarda da bahon Hafsat, ba zan musa abin da aka gwada ba. Amma ku duba sharuɗɗan da aka tara: sai tafki ba gulbi ba, sai abu mai nutsewa, sai ya kai ƙasa. Mai kacici-kacici ya ce “sauka” kawai ya tashi.

Sani: Gaskiya sharuɗɗan ukun duk suna cikin tambayar yadda na rubuto ta, Yaya. Koma sama ka duba.

Bashir: Na duba, suna nan. Amma jiya a majalisa “ruwa” ya ce, bai ce tafki ba, kai ka gyara masa. Kuma ta igiyar nan ban karɓa ba tukuna.

Hafsat: Akwai zaren buhu a gida. Sai dai bahon ba shi da zurfin da dutse zai yi reto, zan gwada a duro bayan la'asar. Yaya Bashir, ka zo ka ja alamar da hannunka.