Neman kalmar Hausa: me za mu kira "relaxation" na hoton IRM?

Malamar kimiyya, Yamai:
Assalamu alaikum. Ina rubuta bayani da Hausa kan allurar da ake yi wa wasu marasa lafiya wajen ɗaukar hoton IRM (MRI), wato hoton cikin jiki da na'urar maganaɗisu ke ɗauka, sai kalma guda ta tsaya mini a wuya: relaxation. Ga abin da take nufi. Kowace ƙwayar ruwa tana da haidurojin biyu, a tsakiyar kowane akwai furoton, shi kuwa furoton ɗan mitsitsin maganaɗisu ne. In aka shigar da mutum cikin na'urar, babban maganaɗisunta yakan sa furoton ɗin ruwan jikinsa su karkata wajensa. Sai a bugo su da igiyar rediyo, wajen megahaz 64 a na'ura mai ƙarfin maganaɗisu tesla 1.5, a ture su daga inda suke. Da an tsayar da igiyar sai su shiga komawa yadda suke, suna miƙa ƙarfin da suka sha ga abin da ke kewaye da su. Wannan komawar nake nema wa suna.

Ɗalibin likitanci, Jami'ar Abdou Moumouni:
Wa alaikumus salam, Malama. Ba hutawa ba ne? Ko shaƙatawa?

Malamar kimiyya:
Ƙanena, hutawa ta wanda ya gaji ce, kuma mai hutawa ya bar aiki. Furoton bai tsaya ba, kuma a daidai wannan lokaci ne na'urar ke sauraren sa. Shaƙatawa kuwa ta yi nisa da maganar.

Mai ɗaukar hoto a asibiti, Yamai:
Malama, don Allah kada a zaɓi kwantawa. Mutum na kan gadon na'urar, na toshe masa kunne saboda ƙara, ina ce masa kada ya motsa. In na ƙara da cewa ruwan jikinsa zai kwanta, sai ya rikice. Allurar kuwa mutane "maganin haske" suke ce mata, suna zaton ita ke haskawa a cikin jiki.

Tsohon malamin Hausa, Tawa:
Ɗiyata, ai kalmar na bakinmu kullum: lafawa. Guguwa ta taso ta tada ƙura, in ta wuce sai a ce ƙura ta lafa. Ba wanda ke cewa ƙura ta huta. Abin da aka tayar ne ke lafawa, a hankali, har ya koma yadda yake. Kuma tana da ɗiya: lafar da. In yayyafi ya sauko, shi ke lafar da ƙurar tun lokacinta bai yi ba.

Malamar kimiyya:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan "lafar da" ita ce ta gama mini magana, don aikin allurar ke nan.

Tsabtataccen ruwa yana da jinkiri, lafawarsa takan ɗauki wajen sakan 3. Tun 1946 masanin kimiyya Felix Bloch da abokan aikinsa a jami'ar Stanford ta Amurka suka zuba gishirin baƙin ƙarfe cikin ruwan gwajinsu don ya gaggauta. Dalili shi ne wasu ƙarafa, in sun narke, suna da elektaron (su ma 'yan mitsitsin maganaɗisu ne) marasa abokin zama, kuma maganaɗisun elektaron guda ya ninka na furoton sau fiye da 650. Manganis na da 5 irinsu, gadoliniyom na da 7, shi ya sa gadoliniyom ake sawa a allurar. Ƙwayar ƙarfen na ta jujjuyawa cikin ruwa, maganaɗisunta na kaɗawa, wannan kaɗawar ce ke buɗe wa furoton hanyar sauke ƙarfin da ya ɗauka.

Amma sai ruwan ya matso kusa da ƙarfen ƙwarai. In tazarar ta ninka biyu, tasirin yakan ragu sau 64. Ga kuma matsala: gadoliniyom tsirara guba ne, girmansa kusan ɗaya da na kalsiyom, yana iya shiga wurinsa ya ɓata aiki. Don haka ake ɗaure shi da wani sinadari. A maganin allurar mai suna Magnevist, wanda aka fara amfani da shi a 1988, sinadarin ya riƙe shi ta wuri 8, ya bar wuri guda. Nan ƙwayar ruwa ke zuwa ta zauna, ta lafa, ta tashi, wata ta maye gurbinta, sau miliyoyi cikin sakan guda. Wannan wuri guda da aka bari shi ne abin da ya fi burge ni a ilimin nan duka. Ta nan ɗan maganin da bai taka kara ya karya ba yake lafar da ruwa mai ɗimbin yawa.

Saboda haka, Malam mai ɗaukar hoto, abin da ke fitowa fari fat a hoton ba gadoliniyom ba ne, ruwan da ya lafa da wuri ne. A ƙwaƙwalwa akwai shinge tsakanin jini da nama wanda ke hana maganin wucewa. Inda ƙari ya ɓata shingen, maganin ya tsallaka, wurin ya haska. 

Ɗalibin likitanci:
To T1 da T2 fa, Malama? Ai iri biyu ne.

Malamar kimiyya:
T1 lokacin komawar furoton ga layin babban maganaɗisu ne, zan ce lafawar tsaye. T2 lokacin da suke rasa juyawa tare ne, kowa ya kama gabansa har amon ya dusashe, zan ce lafawar kwance. Relaxivité, wato ma'aunin ƙwazon kowane magani, ƙarfin lafarwa. Baba, ka yarda?

Tsohon malamin Hausa:
Na yarda, ɗiyata. Allurar kuma ku ce allurar lafarwa.

Mai ɗaukar hoto:
Madalla. Sai dai Malama, ki sa wannan cikin bayaninki da manyan baƙaƙe: ta ƙoda maganin ke fita. Tun 2006 aka gano alaƙarsa da wata cuta mai taurara fata ga waɗanda ƙodarsu ta yi rauni sosai. Mai ciwon ƙoda da mace mai ciki su gaya wa lokotoro kafin a ɗaura musu allurar lafarwa.