Musayar waƙa: Tafkin Peipus ya daskare

Ɗan Rauji: Ga hoton da tauraron ɗan'adam Sentinel-2 ya ɗauko. Tafkin Peipus ne, tsakanin Istoniya da Rasha, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 3,500. Amsa-amo "ra", bismillah.

Tauraro ya leƙo daga sama,
Ya iske tafki ya sha ƙanƙara.
Zurfinsa galibi mita 7,
Shi ya sa sanyi bai yi jira.

Uwar Baiti:
Malam, hoton nan fari ne fat,
Ko zanen gado ka shanya wa yara?
Ƙanƙarar da ka sani ta firji ce,
Yau kai ke koya mana basira?

Ɗan Rauji:
Hajiya, sa tabarau ki duba,
Layukan can tsaga ce, ba shara.
Da dare ƙanƙara kan tsuke har ta tsage,
Rana ta kumbura ta, tudu ya tara.

Mai Kallo: Kai! Allah ya ƙara basira. Hajiya, a sha ruwa tukuna.

Ƙanwar Uwa: Ruwan me? Ku dai 'yan amshin Malam ne, ko tari ya yi sai ku tafa.

Sarkin Kari: Ba na bayan kowa, amma ɗango na uku ya karye. Gaɓa 13 na ƙirga, na farko 10. Kuma tudu ba ya "tara", taruwa yake yi.

Ɗan Rauji: Rera shi ka ji, ranka ya daɗe. Da kunne ake auna kari.

Sarkin Kari: Na rera. Numfashina ya ƙare a "tsuke".

Ƙanwar Uwa: Madalla da alƙalin gaskiya!

Mai Kallo: Ɗazu da baitin Hajiya ya yi ɗingishi ai shiru ya yi.

Baƙon Dare: Ku yi haƙuri, sai yanzu na gani.

A 1242 kan tafkin nan,
Nevsky yariman Rashawa ya gwabza ya ci nasara.
Mayaƙa da dawaki ƙanƙara ta ɗauka,
Ku gaɓa uku ta kai ku ƙara.

Uwar Baiti:
Ƙanena, ka zo bayan an watse,
Da tarihi kake rufe makara?
Ruwan digiri 4 ya fi nauyi, ya nutse,
Nan kifi ke kwance ba ya ƙara.
Ka koyi shiru wurin kifin nan,
Malam kuma ya je ya yi gyara.

Sarkin Kari: Hajiya, kin sa "ƙara" bayan yaron ya riga ya sa.

Uwar Baiti: Tasa ta kotu ce, tawa ta baki. Ƙirga wannan ma.