Makomar Linux a kan kwamfutar tebur: me ya gyaru, me ya rage?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun da Microsoft ta janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ga kuma Windows 11 ta ƙi injinan da ba su da na'urar tsaro ta TPM 2.0 ko masu Intel da ya girmi ƙarni na 8, ake ta cewa lokacin Linux ya yi. An daɗe ana wannan waƙa. Masana a cikinmu, me kuke fata a gyara nan da shekara biyar a buɗaɗɗun tsarukan kwamfuta, me kuma ya riga ya gyaru? Amsa ta zahiri nake so, ba ta kishin ɓangare ba.

Makerin Inji:
Wa alaikumus salam. Babban aikin da aka sha fama da shi shi ne sauya tsarin da ke nuna hoto a allo daga X11, wanda tun 1987 yake, zuwa Wayland. Wannan ya kusa kai gaci. Fedora, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, ta fara da shi a muhallin tebur na GNOME tun 2016, KDE Plasma 6 ta bi a Fabrairun 2024. Amfaninsa a aikace: kana iya haɗa allo biyu, kowanne da saurin sabunta hotonsa da girman rubutunsa, kuma wata manhaja ba ta leƙen abin da kake bugawa a wata. Kuɗin da aka biya shi ne duk abin da ya dogara da wannan leƙen, kamar ɗaukar allo da sarrafa kwamfuta daga nesa, sai da aka sake gina shi ta hanyar neman izini da PipeWire, mai isar da sauti da bidiyo tsakanin manhajoji. Shi ya sa tsohuwar manhajar taro takan nuna baƙin allo idan ka ce a raba.

NVIDIA, mai ƙera katunan hoto, ma ta sauko. Ta buɗe ɓangaren direbanta na cikin kernel (zuciyar Linux) a 2022, amma ga katunan Turing zuwa sama kawai, wato GTX 16 da RTX 20 da na bayansu. Ƙyaftawar allon da ta addabi mutane a Wayland ta yi sauƙi da direba 555. Mai GTX 10 yana nan kan rufaffen direba.

Fatana ni na wajen barci ne da batir. Ka buga cat /sys/power/mem_sleep. Idan s2idle kaɗai ka gani babu deep, injin ba shi da tsohon barci mai zurfi na S3, kuma na'ura ɗaya tak da ta ƙi yin likimo, ko katin Wi-Fi ko SSD, ta isa ta shanye batir laftof tana cikin jaka. Laifin yawanci na firmware ne, wato manhajar da aka dasa a cikin injin, da aka gwada da Windows kaɗai. Maganinsa masu ƙera injin su riƙa tura gyara ta LVFS, kafar raba firmware ga Linux, ka buga fwupdmgr update a wuce wurin. Dell da Lenovo suna yi ga injina da yawa. Ina fata ya zama dole ga kowa.

Uwar Ɗakin Sabar:
Malam Makeri, ban ƙi ta taka ba, amma ba allo ke korar mutane ba, sabuntawar da ke karya tsari ce. Misalin da aka fi gani: sabon kernel ya sauko, DKMS, mai sake gina direbobi ga sabon kernel, ya kasa gina direban NVIDIA a kansa, ko ya gina amma Secure Boot, mai tantance abin da inji ke tashi da shi, ya ƙi shi saboda ba a shigar da makullin sa hannu na MOK ba. A sake kunnawa, sai baƙin allo. Wanda bai san ya riƙe Shift ko ya danna Esc ya zaɓi tsohon kernel a GRUB, jerin zaɓin da ke fitowa lokacin kunna inji, ba, shi ke nan ya yi sallama da Linux.

Don haka fatana a koma ga tsarin da ake sabuntawa dunƙule. A Fedora Silverblue, ainihin tsarin ba ya karɓar rubutu, sabuntawa tana zuwa a matsayin sabon hoto, wato cikakken kwafin tsarin, gaba ɗaya, tsohon yana ajiye. In ta ɓaci, rpm-ostree rollback, ka sake kunnawa. SteamOS ma hoto biyu take ajiyewa. A openSUSE, Snapper yana ɗaukar hoton tsarin fayil na Btrfs kafin kowace sabuntawa. Mai Linux Mint kuwa ya kunna Timeshift, mai ajiye irin wannan hoton, tun ranar farko, ba ranar da wuta ta kama ba.

Manhajoji kuma su zo ta Flatpak, don mai rubuta su ya gina sau ɗaya maimakon ya yi wa kowane nau'in Linux nasa ƙunshin. Yana cin wuri, gaskiya ne, kuma izininsa kan hana manhaja ganin faifai na biyu sai an buɗe da Flatseal. Da Canonical, kamfanin Ubuntu, za ta bar jayayyar Snap, kishiyar Flatpak, da an huta, amma wannan sai dai addu'a.

Mai Bin Diddigi:
Yaya, duk wannan sai da mai yi. A Maris 2024 aka gano ƙofar baya da aka dasa a manhajar matse fayil ta xz, sigar 5.6.0 da 5.6.1. Andres Freund ne ya kama ta, don ya ga shiga kwamfuta daga nesa ta SSH ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Mutum ɗaya ne ke riƙe da aikin xz a matsayin sa kai, ya gaji, aka lallaɓa aka karɓe masa. Fatana kuɗi ya isa irin waɗannan. Asusun gwamnatin Jamus na Sovereign Tech Fund ya ba GNOME Yuro miliyan 1 a 2023, wani ɓangare ya tafi gyaran abubuwan da makafi ke amfani da su, irin Orca mai karanta allo. Jihar Schleswig-Holstein tana mai da kwamfutoci kusan 30,000 kan LibreOffice da Linux. Sai dai a tuna Munich ta yi haka, ta kuma yanke shawarar komawa Windows a 2017.

Wasanni kam Proton, mai tayar da wasannin Windows a Linux, ya yi rawar gani tun 2018, saura masu kariyar maguɗi a cikin kernel, irin Valorant da Fortnite, waɗanda ba sa tashi. Wannan shawarar kamfani ce, ba gazawar fasaha ba. Photoshop ma har yau babu.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai. To mai tsohon inji da yake son gwadawa yanzu, ta ina zai fara?

Makerin Inji:
Sa Mint ko Fedora a filashi mai 8GB, ka tashi daga kanta ba tare da girkawa ba. Gwada Wi-Fi, sauti, kyamara, firinta, sannan ka rufe murfin minti goma ka buɗe. Idan Wi-Fi bai fito ba, lspci -nnk zai nuna katin. In Broadcom ne, sai ka jawo direba da wayar intanet. Kafin girkawa, adana makullin BitLocker, mai kulle faifan Windows, ka kashe Fast Startup, in ba haka ba ɓangaren Windows zai buɗe amma ba zai karɓi rubutu ba. Idan mai girkawa bai ga SSD ba, saitin faifai na Intel RST ne, a mai da shi AHCI a BIOS, amma ka fara sa Windows ta tashi a Safe Mode sau ɗaya, kada ta ƙi tashi bayan canjin. Takardun Word da ke gocewa kuma, girka salon haruffa na Carlito da Caladea, faɗinsu ɗaya da Calibri da Cambria.