Ritaya ta kusa, ba kuɗin ne ke damuna ba, zaman ne

Abu_Khadija:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawara musamman daga waɗanda suka riga suka ajiye aiki. Ritayata ta matso, maganar fansho da giratuti ina bin takardu komai yana tafiya daidai gwargwado, amma wlh duk wanda na yi wa zancen sai ya karkata kan kuɗi, ka zuba jari a kaza ka sayi kaza. Ni kuma abinda ke hana ni barci daban ne, Litinin ɗin farko da zan tashi babu inda ake jirana me zan yi da kaina? Tun ina saurayi nake aikin nan, ko sunana ma da ofis ake haɗa shi. Ni kaɗai ne ke jin wannan fargabar ko haka kowa yake?

Malama_Saude:
Wa alaikumus salam Yallaɓai, ba kai kaɗai ba ne sam. A 1967 wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu a Amurka, Holmes da Rahe, sun jera abubuwan da ke jijjiga rayuwar mutum suka ba kowanne maki, mutuwar miji ko mata 100, ritaya 45, ita ce ta 10 a jerin. Kaga kenan ba ƙaramin abu ba ne ko da mutum da kansa ya nema.

Wadda ta fi gamsar da ni ita ce Marie Jahoda, wadda ta yi nazarin mutanen Marienthal a Ostiriya bayan an rufe masaƙar garin a farkon shekarun 1930. Cewa ta yi aiki ba albashi kaɗai yake ba ka ba, yana tsara maka lokaci, yana haɗa ka da mutane a waje da gidanka, yana sa ka ji kana cikin wani abu da ya fi ka girma, yana ba ka matsayi, sannan yana tilasta maka motsi. Fansho albashin kawai take maye wa gurbi, sauran biyar ɗin a rana ɗaya suke tafiya kuma babu ofishin da zai biya ka su. Ka zauna ka duba wanne a ciki ka fi dogaro da shi, tun yanzu ka fara nema masa madadi.

Danbaba22:
Haba Baba, hutu fa za ka samu, mu da ke neman aikin ido rufe mu ce me 😅 ka kwanta ka more abinka kawai

Tsohon_Akawu:
Danbaba yaro man kaza, barci ba ya cika yini. Malam Abu ni na riga ka fita, bari in faɗa maka yadda abin yake. Da farko daɗi, ba ƙararrawa ba mitin ba oga, kana ganin ai da ka sani tun tuni ka bari. Sai daɗin ya fara sirarewa, wayar da da ba ta hutawa ta yi tsit, waɗanda kake ɗauka abokai ashe teburi ne ya haɗa ku, kuma ba wulaƙanci suke maka ba, aiki ne ya riƙe su kamar yadda ya riƙe ka. Wani masanin rayuwar tsofaffi, Robert Atchley, ya yi bayanin matakan nan tun 1976, zumuɗin farko, sai gwiwa ta yi sanyi, sai mutum ya sake lale, sannan ya daidaita. Ba kowa ke bin su a jere ba amma sanin cewa sanyin gwiwar mai wucewa ne ya taimake ni sosai.

Abinda ba a cika faɗa ba shine gida. Uwargida ta shekara da shekaru tana tafiyar da gidanta da tsarinta, kwatsam ga ka zaune kana duba komai kana gyara kamar kana ofis, to nan rigima ke farawa. Ku yi maganar nan da ita kafin ranar, me take tsammani me kake tsammani, har da yadda kowa zai samu lokacin kansa. Kuma duk abinda kake cewa "in na yi ritaya zan fara", koyarwa ce ko aikin sa kai ko koyon wata sana'a, ka fara shi yanzu ko da sau ɗaya a sati, don in ka bari sai bayan fatin bankwana da wuya ka iya ƙwanƙwasa sabuwar ƙofa.

Nas_Hauwa:
Ƙari kaɗan ta ɓangaren lafiya Baba. Kewa da ɗan ƙunci ba matsala ba ne, amma in ya kai sati 2 kullum rai a ɓace, abinda kake so da ya daina burge ka, barci da cin abinci sun rikice, to a ga likita, ciwon damuwa ne kuma ana maganinsa, kar a ce tsufa ne kawai. Sannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 na motsa jiki a sati, tafiyar ƙafa da ɗan sauri ma ta isa, in da abokin tafiya ya fi.

Abu_Khadija:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. A cikin biyar ɗin Malama ina ganin matsayin ne nawa, shi ne kuma ban san inda ake samo madadinsa ba. Tsohon Akawu kai da kake ciki, in baƙo ya tambaye ka me kake yi yanzu, me kake ce masa?