Mai kula da ƙunshin ya yi shiru kuma ya hana a taɓa: in karɓe ko in haƙura?

Ɗalibin Debian:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali. Akwai wata ƙaramar manhaja a Debian (wani tsarin Linux da 'yan sa kai ke haɗawa) da aikina ya dogara a kanta. Wata 14 ke nan mai kula da ƙunshinta (wato manhajar yadda aka shirya ta don a saka a Debian) bai ɗora komai ba. Masu asalin manhajar sun fitar da sabon zubi har sau uku, kuma akwai matsala mai tsanani da ta sa aka cire ƙunshin daga testing, reshen gwaji da ake shirya Debian na gaba a cikinsa. In aka daskare testing ba ya ciki, ba zai shiga stable (kammalallen Debian da ake saki wa jama'a) na gaba ba, sai a jira wasu shekaru biyu. Na rubuta faci (ɗan gyara a rubutun manhajar), na gwada, yana aiki, na aika. Amsa ɗaya na samu, wata biyar da suka wuce: kada in taɓa, zai duba. Shiru har yau. Ku lura, ba ni da ikon ɗorawa da kaina, sai na sami mai tsaya mini, wato mai ikon da zai ɗora a madadina. To, in nemi a yi NMU (wanda ba mai kula ba ya ɗora gyara), in shigar da buƙatar karɓar ƙunshin, ko in buɗe rumbuna daban, inda mutane za su riƙa sauke ƙunshin daga wurina, in rabu da rigima?

Ɗan Arch:
Wa alaikumus salam. Ka ɗora kawai ɗan'uwa, me kake jira? Mu a AUR, rumbun masu amfani da Arch Linux, buƙata ake shigarwa a mai da ƙunshin maraya, in mako biyu ya wuce mai shi bai motsa ba, shi ke nan ka ɗauka.

Ɗalibin Debian:
Na gode, amma na ce ba ni da ikon ɗorawa. Kuma Debian nake magana.

Malama Tux:
Ƙanena, tun 2018 akwai hanyar da aka tsara don irin wannan, ITS. Ka buɗe rahoto a kan ƙunshin cewa kana da niyyar ceto shi, ka kawo dalilanka. In kwana 21 ya cika bai fito fili ya ce bai yarda ba, mai tsaya maka ya ɗora da jinkirin kwana bakwai. Matsalarka ita ce mutumin nan yana nan, ya taɓa amsawa. Da zarar ya ce a'a, maganar ITS ta mutu, sai sulhu ko Kwamitin Fasaha na Debian. Shi ya sa ni da NMU zan fara: gyara matsalar nan guda ɗaya tak, kada ka haɗa da sabon zubi, kada ka sake fasalin komai. Ƙunshin ya koma testing, sauran magana a yi ta a hankali.

Tsohon Mai Faci:
Yaro, saurare ni, don abin da kake shirin yi na yi shi, har yau kuma in na tuna raina ɓaci yake. Ba zan faɗi rukunin ba, ba zan faɗi mutumin ba. Shi ma haka ya ɓace, kusan shekara biyu. Na bi duk ƙa'idar da suke da ita, na rubuta masa ya fi a ƙirga, na jira, aka ba ni ƙunshin. Shekara uku ina riƙe da shi. Tarin rahotannin da na tarar na bi su ɗaya bayan ɗaya har na ga bayansu. Na shirya da masu asalin manhajar, waɗanda da ko amsa saƙonmu ba sa yi saboda faci barkatai da ya lafta wa aikinsu ba shawara. Akwai daren da ban runtsa ba saboda wata kafar tsaro, da asuba na ɗora gyaran.

Rana ɗaya sai ga shi ya dawo. Ba sallama, ba sannu da aiki. Ashe ba a taɓa janye masa ikon ɗorawa ba. Dare ɗaya ya mayar da komai yadda ya bari, ya dawo da facinsa, ya cire sunana daga masu kula. Da na kai kuka, manyan suka ce shi ya fara kawo ƙunshin, mu daidaita tsakaninmu. Daidaita me? Abin da ya fi ci mini rai, masu amfani suka riƙa turo mini zagi a imel kan abubuwan da suka sake lalacewa, don ni suka sani. Na ajiye komai na fita. Ka buɗe rumbunka, inda ba wanda zai zo ya share guminka.

Autan Kernel:
To Ɗalibi, in ka ɗauki maraya ka sani kai ne uba kai ne uwa, kuma wannan marayan sai tsakar dare yake kuka. 😄

Baba Sudo:
Allah ya huci zuciyarka, Mai Faci. Amma ka taɓa tambaya me ya ɓatar da shi shekara biyu? Na san wanda ya yi shiru haka, ashe jinyar mahaifiyarsa yake. Aikin sa kai ne, ba albashi ake ba kowa ba. Kuma ku daina ganin duk wanda ya riƙe ƙunshi ƙam-ƙam mugu ne. Ku tuna xz, manhajar matse fayil. Mutum ɗaya, Lasse Collin, ya gaji da ɗaukar nauyin shi kaɗai, wasu suka yi ta matsa masa ya ba wani hannu, wanda aka ba ɗin ya yi kusan shekara biyu yana aiki kamar na kirki, sannan ya cusa ƙofar baya, wato ɓoyayyar hanyar kutse, a zubi na 5.6.0 da 5.6.1. Ba don Andres Freund ya lura ssh, manhajar shiga kwamfuta daga nesa, na ɗan jinkiri a Maris 2024 ba, da abin ya bazu ko'ina. Tun lokacin duk baƙon da ya zo yana gaggawar a ba shi ƙunshi, sai na dube shi sau biyu.

Ɗalibin Debian:
Baba, ai ni ba gaggawa nake ba, wata 14 fa. Facina kuma layi tara ne, kowa na iya karantawa.

Tsohon Mai Faci:
Jinya ko ba jinya ba, Malam, hannun da ya iya share aikin shekara uku ya iya rubuta layi ɗaya na godiya.

Ɗan Arch:
Rumbun kanka ba ya cin ko sisi. Awa ɗaya a wata ta ishe ka.

Hajiya Root:
Awa ɗaya a ina? Ni na riƙe nawa shekara biyu. Duk wata sai na biya hayar saba (kwamfutar da ke riƙe rumbun a intanet), ga makullin sa hannu da za ka tsare, ga sake ginawa duk lokacin da wani laburare, wato manhajar da ƙunshin ke dogaro da ita, ya canja. Duk Asabar ɗina a can take ƙarewa. Kuma mutane suna tsoron ƙara rumbun wanda ba su sani ba, da gaskiyarsu.

Ɗan Arch:
Hajiya, ai akwai wuraren da ke gina maka kyauta, irin OBS na openSUSE. Ke kika zaɓi hanya mai tsada.

Malama Tux:
Don Allah wanda bai taɓa ɗora ƙunshi a Debian ba ya bari waɗanda suka yi su yi magana. A AUR umarnin gini kawai kake ajiyewa, mai amfani ya gina da kansa. Nan abin da ka ɗora zai zauna a kwamfutocin mutane shekaru, har Ubuntu, wadda ake ginawa a kan Debian, ta kwasa.

Ɗan Arch:
Yanzu sai mai katin zama mamba ne zai ba da shawara? Ƙunshi goma sha ɗaya nake kula da su, Malama. Mai Faci ma ai ba Debian ya ce ba, me ya sa shi ba ki hana shi ba?

Malama Tux:
Shi labarinsa ya bayar, kai ƙa'idar wani gida kake ɗora wa yaron mutane.

Ɗalibin Debian:
Ku yi haƙuri. Malama, in na yi NMU bayan ya ce kada in taɓa, ba zai zama raini ba? Kuma ina zan sami mai tsaya mini a kan ƙunshin da ake ja-in-ja?

Hajiya Root:
Ni abin da ya kore ni ba masu kula ba ne, masu amfani ne. Ba talakawa irinmu ba, kamfanoni. Wani kamfani da ba zan ambata ba ya turo mini takarda mai shafi huɗu, wai in cike in tabbatar musu da tsaron ƙunshin cikin awa 48, don abokan cinikinsu na jira. Ba su taɓa aiko da faci ko ɗaya ba, ba su taɓa cewa na gode ba. Na nuna musu lasisin, inda aka rubuta ƙarara cewa babu garanti. Suka amsa wai za su kai maganar gaba. Gaba ina?

Baba Sudo:
Haka aka yi wa masu Log4j, wata manhaja da aka gano babbar kafar tsaro a cikinta, a Disamba 2021, 'yan sa kai ƙalilan suna gyara dare da rana, duniya na ta yi musu tsawa.

Tsohon Mai Faci:
Irin takardar nan har bayan na fita sun ci gaba da turo mini. Wata shida ina amsa cewa ba ni ne mai kula ba kuma.

Hajiya Root:
Ka ga ni, tun daga ranar na sa doka: duk kamfanin da ya rubuto yana ba ni wa'adi, sai in tambaye shi wane injiniyansu za su ba ni ya taya ni. Har yau ba wanda ya dawo da amsa. Akwai wanda ya taɓa samun wani kamfani ya ce to?